Tom Chalmers (1913–1995): Baturen da Ya Aza Harsashin Gidan Rediyon Nijeriya

Gabatarwa

Duk mai nazarin adabin Hausa na zamani ya saba da sunayen Turawan da suka yi wa rubutacciyar Hausa aiki, irin su Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, da G. P. Bargery mai ƙamus, da kuma Dokta R. M. East na Kamfanin Gaskiya da ke Zariya. Amma ba kasafai akan ji an ambaci waɗanda suka yi aiki a kan Hausar da ke fitowa daga akwatin rediyo ba, alhali kuwa in da za a ƙidaya Hausawan da suka taɓa karanta littafin boko, a kuma ƙidaya waɗanda suka taɓa sauraron rediyo, da an ga tazara mai yawa a tsakani. Manomin rake na Maƙarfi ko Kudan, da mai lambun tumatir na Ikara, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya san labarin duniya ta bakin rediyo, ya kuma koyi kalmomi da dama daga gare ta.

A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin kawo tarihin rayuwar Tom Chalmers, Baturen da ya fara shugabantar gidan rediyon Nijeriya. Za a duba abin da ya zo yi, da abin da ya gagare shi, da kuma ribar da harshen Hausa ya ci daga aikin da ya fara.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Thomas Wightman Chalmers a ƙasar Biritaniya ranar 29 ga Afrilu, 1913. Ya yi karatun sakandare a Kwalejin Bradfield, daga nan ya wuce Kwalejin King's ta Jami'ar Landan, inda ya karanta aikin injiniya. Ban da karatun injiniya kuma gwani ne wajen kaɗa molon coci mai bututu, irin wanda ake bi da waƙoƙin ibada da shi. Waɗannan baiwa biyu, watau sanin na'ura da kunnen kiɗa, su ne ainihin abin da aikin rediyo ke nema ga mai yinsa, musamman a wancan zamani da sana'ar take jaririya.

Aikinsa a BBC

Chalmers ya kama aiki da BBC a 1936, yana da shekara 23. A wannan shekara ce, cikin watan Nuwamba, BBC ta buɗe tashar talabijin a Landan, amma masu akwatin kallo 'yan ƙalilan ne, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 sai aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 1946. Saboda haka rediyo ce ke da jama'a, kuma a ɓangarenta Chalmers ya tashi. Ya fara da aikin mai sanarwa a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, sa'an nan aka dawo da shi Landan.

Lokacin yaƙi aka ba shi kula da yadda ake gabatar da shirye-shiryen da BBC ke aikawa ƙasashen waje. Wannan sashe ya samo asali ne daga tashar da aka buɗe a watan Disamba na 1932 domin Turawan da ke zaune a ƙasashen da Ingila ke mulka. Da farko Ingilishi zalla ake yi, sai a 1938 aka ƙara Larabci, kafin yaƙi ya ƙare kuwa harsunan sun haura 40. A nan Chalmers ya goge da aikin yi wa mutanen da ke nesa magana, mutanen da al'adunsu da lokutan barcinsu da tashinsu suka sha bamban da na Ingila.

Da aka gama yaƙi, BBC ta kasa shirye-shiryenta na cikin gida kashi uku. Ɗaya daga ciki ita ce tashar da suka kira Light Programme, watau tashar shirye-shirye marasa nauyi, wadda aka buɗe a watan Yuli na 1945 domin kiɗa da raha da wasannin kwaikwayo. Chalmers ya zama babban mataimaki a wannan tasha, kuma da aka mayar da shugabanta Norman Collins ɓangaren talabijin, sai shi ya gaje shi a 1948, yana da shekara 35 kacal. Ita ce tashar da mafi yawan mutanen Ingila ke saurara a lokacin, kuma a cikinta ne wasan kwaikwayo mai ci gaba, wanda ake yanke shi yau a ɗora gobe, ya kama zukatan talakawa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi a Kaduna.

Yadda Rediyo Take a Nijeriya Kafin Zuwansa

Rediyon da aka fara sani a Nijeriya ta waya ce. Gwamnati kan kafa babbar na'ura a gari, ta kamo shirye-shiryen BBC daga Landan, sa'an nan ta rarraba su ta waya zuwa wasu 'yan akwatuna da ake rataye wa a bangon ɗaki. Mai akwati yana biyan kuɗin wata, kuma ba shi da zaɓin tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage. An fara wannan tsari a Ikko a 1935, ya isa Badun a 1939, ya iso Kano a 1944, daga baya kuma ya bazu zuwa garuruwa irin su Kaduna da Zariya da Jos. A Kano har an kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a, domin wanda ba shi da halin biyan kuɗin wata shi ma ya ji. A hankali waɗannan tashoshi suka riƙa sako 'yan shirye-shirye da harsunan gida, har da Hausa.

Illar wannan tsari a fili take: inda waya ta tsaya, nan magana ta tsaya. Mutumin birnin Zariya yana iya ji, amma na Maƙarfi da Kudan da Ikara, da sauran garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, sai dai ya jira wanda ya dawo daga birni ranar kasuwa ya ba shi labari. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana isa ƙauye, amma sai an sami mai karatun boko ya karanta wa jama'a. Ganin haka ne ya sa a 1949 aka turo masana biyu, L. W. Turner da F. A. W. Byron, su binciki halin watsa labarai a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Rahotonsu ya nuna cewa Nijeriya na bukatar gidan rediyo na sosai, mai aika magana ta iska, wanda ke da rassa a jihohi.

Zuwansa Nijeriya

Gwamnatin mulkin mallaka ta nemi BBC ta ba ta aron wanda zai kafa wannan gida, aka ba ta Chalmers. Mutum ne da ke riƙe da tashar da ta fi kowace jama'a a Ingila, ga shi da ƙuruciya, amma ya ajiye wannan kujera ya taho ƙasar da ba ta da ko ɗakin ɗaukar magana na kirki. Ya iso Ikko a farkon 1951 tare da injiniya J. W. Murray, kuma a wannan shekara aka kafa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NBS, shi ne kuwa darektanta na farko.

Ayyuka uku ya sa a gaba. Na farko shi ne raba rediyo da waya. Aka kafa na'urorin aika magana ta iska a Ikko, aka kuma buɗe rassa a hedkwatocin jihohi uku na wancan lokaci, watau Kaduna da Badun da Inugu. Daga nan duk mai akwatin rediyo mai batir, ko a wane ƙauye yake, yana iya kamo tasha. Gaskiya ne akwatunan suna da tsada a shekarun 1950, batirinsu kuma ƙato ne mai nauyi, don haka galibi sai a gidan hakimi ko attajiri ko ma'aikacin En'e ake ganinsu, jama'a su taru a ƙofar gida da magariba. Amma hanya ta riga ta buɗe. Da ƙananan rediyo masu aiki da ƙaramin batir suka cika kasuwa a shekarun 1960, sai suka tarar da tashoshi na jiransu.

Na biyu shi ne horar da 'yan ƙasa. An kawo ma'aikata daga BBC domin su koyar, ana kuma tura 'yan Nijeriya Landan su ƙaro sani. A zamaninsa ne shahararren makaɗin nan Fela Sowande ya dawo gida daga Ingila a 1953 ya shugabanci sashen kiɗa, inda ya himmatu wajen tattara kaɗe-kaɗen gargajiya. A zamaninsa ne kuma, a 1954, aka ɗauki wani saurayi mai suna Chinua Achebe aiki a sashen jawabai, aka tura shi kwas a makarantar ma'aikatan BBC a 1956, shekara biyu kafin fitowar littafinsa na farko.

Na uku shi ne ba harsunan ƙasa fili. Ingilishi ne harshen tashar ƙasa, amma rassan jihohi suna da lokacin da suke yin nasu shirye-shirye. A Yamma da Gabas akwai harsuna da dama da ke neman rabo. A Arewa ma haka ne, sai dai Hausa ta riga ta zama harshen kasuwa da na mulki a mafi yawan lardunan, saboda haka ita ta ɗauki kaso mafi tsoka a Kaduna.

Rikicin 1953

Akwai wata ƙaya da ke cikin tsarin tun daga tushe. Chalmers ya fito ne daga BBC, wadda tun zamanin shugabanta na farko John Reith take tinƙaho da cewa hukuma ce mai zaman kanta, ba ta karɓar umarni daga gwamnatin da ke ci. NBS kuwa sashe ne na gwamnatin mulkin mallaka, da kuɗinta ake tafiyar da shi, ma'aikatansa kuma ma'aikatanta ne. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a daɗe ba wannan magana ta tabbata.

Ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, suka nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da ya dace. Majalisa ta watse baram-baram, ministocin Action Group suka ajiye aiki, kuma a watan Mayu tarzoma ta ɓarke a Kano, aka yi asarar rayuka. Cikin wannan hali ne Gwamna Sir John Macpherson ya shiga rediyo ya ɗora wa Action Group laifi. Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili a wannan rediyo ya mayar da martani, aka hana shi.

Wannan hani ya yi wa aikin Chalmers illar da ba ta warke ba. 'Yan siyasa suka gane cewa wanda ke riƙe da rediyo shi ke da maganar ƙarshe, kowa kuma ya ƙudura a ransa sai ya mallaki tasa. Da aka zauna gyaran tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 1954, sai aka ba gwamnatocin jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai na kansu, ba gwamnatin tsakiya kaɗai ba.

Maganin da aka nema daga ɓangaren NBS shi ne a cire gidan daga hannun gwamnati a mai da shi hukuma mai cin gashin kanta irin BBC. An kawo batun a Majalisar Wakilai a 1954, aka zartar da doka a 1956, kuma ranar 1 ga Afrilu, 1957, Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya, watau NBC, ta fara aiki, da kwamitin gudanarwa na ƙasa da kuma na kowace jiha. Chalmers bai zauna a kujerar sabuwar hukumar ba. Ya koma gida a 1956, J. A. C. Knott ya gaje shi, a 1957 kuma aka ba shi lambar girma ta CBE.

Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatin Awolowo ta buɗe gidan talabijin a Badun, irinsa na farko a Nijeriya. Jihar Gabas ta bi sahu a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa Kamfanin Watsa Labarai na Nijeriya ta Arewa, watau BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada, aka buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna. Ke nan maimakon murya ɗaya ga ƙasa ɗaya, sai aka wayi gari da muryoyi huɗu, kowace tana kare gwamnatin da ta haife ta.

Bayan Barinsa Nijeriya

Da ya koma Ingila, an naɗa shi shugaban BBC na yankin arewacin ƙasar, mai hedkwata a Manchester, daga 1956 zuwa 1958. A nan aikinsa ya haɗa da talabijin, a daidai lokacin da BBC ta fara samun kishiya a wannan yanki, domin a watan Mayu na 1956 ne kamfanin Granada ya buɗe tasharsa ta kasuwanci a wannan birni. Shi ne dai kamfanin da bayan shekara shida ya haɗa hannu da gwamnatin Arewa a Kaduna.

Shekara biyu kawai ya yi ya sake komowa Afirka. Daga 1958 zuwa 1962 shi ne darektan Hukumar Watsa Labarai ta Tanganyika, inda ya maimaita irin aikin da ya yi a Nijeriya, wannan karon da harshen Suwahili, har ƙasar ta sami 'yancin kai a watan Disamba na 1961. A can ma tsarin hukuma mai zaman kanta bai yi ƙarko ba, domin a 1965 gwamnatin Julius Nyerere ta mayar da gidan ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati da sunan Rediyo Tanzaniya. Chalmers ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya a gabashin Afirka daga 1962 zuwa 1964, sa'an nan ya koma BBC, sashen hulɗa da ƙasashen waje, har zuwa 1971. Ya mutu ranar 30 ga Agusta, 1995, yana da shekara 82.

Ribar da Hausa Ta Ci

Idan aka auna Chalmers da ma'aunin gidan rediyo guda mai 'yanci, to, a Nijeriya da Tanganyika duka burin bai cika ba. A Nijeriya gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977, ta kuma kafa FRCN a 1978, wadda ta haɗiye NBC da kuma rediyon BCNN, ya zama Rediyon Nijeriya na Kaduna. Amma ga ɗalibin Hausa akwai wani ma'auni, kuma a kansa aikin ya yi albarka ta fuskoki uku.

Ta fuskar harshe, rediyo ta tilasta wa Hausa ta faɗi abin da ba ta saba faɗa ba, kuma ta faɗe shi kullum, a kan lokaci. Mai fassara labarai ba shi da damar jiran ƙamus. Dole ya nemo yadda zai ce majalisa da ƙuduri da kasafin kuɗi da zaɓe ta yadda tsohuwa a ƙauye za ta gane da ji ɗaya. Wannan aiki ya zo daidai da kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, da kuma buɗe Sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris, 1957. Jaridar Gaskiya ta riga ta share fage a rubuce, rediyo kuwa ta kai wannan daidaitacciyar Hausa kunnen Basakkwace da Bakatsine da Bazazzage, har ma da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce.

Ta fuskar waƙa da kiɗa, makaɗin da a da sai a fada ko a gidan biki ake jinsa ya sami masu sauraro a larduna duka. Sunan Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos ba su kai inda suka kai ba sai da taimakon Rediyon Kaduna, haka kuma shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka suka sa mutumin ƙauye ya ji an ambaci sunansa da na garinsa a iska.

Ta fuskar wasan kwaikwayo kuwa, babu misalin da ya fi na Malam Shu'aibu Maƙarfi. Wasanninsa an fara jinsu ne a gidan rediyon Kaduna kafin a mai da su littafi: Zamanin Nan Namu ya fito a 1959, Jatau Na Kyallu kuma ya biyo baya. Wanda ya karanta su da lura zai ga tambarin rediyo a jikinsu. Magana ce ke ɗauke da komai, kowane ɗan wasa ana gane shi ta irin bakinsa, da karin magana da habaici da zaurance na 'yan kasuwa da 'yan duniya, domin mai sauraro ba ya ganin fuska balle tufafi. Jigonsu kuma shi ne abin da ke damun jama'a a lokacin, watau yadda zamani da kuɗi da rayuwar bariki ke rushe gida, kamar yadda Jatau ya tsiyace a dalilin auren karuwa. Wasan rediyo irin wanda Chalmers ya sani a tashar nishaɗi ta Landan, shi ne ya sami sabuwar riga a hannun mutumin Maƙarfi, garin da wayar rediyon farko ba ta kai ba. Daga wannan tushe ne wasanni irin su Samanja Mazan Fama suka tsiro a rediyo da talabijin na Kaduna.

Kammalawa

Ba za a ce Chalmers ne ya ƙirƙiro Hausar rediyo ba, wannan aikin Hausawa ne da suka zauna gaban makirfo suka yi ta sarrafa harshensu. Haka nan kada a manta cewa ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma gidan da ya shugabanta ya toshe bakin ɗan ƙasa a ranar da Gwamna ya so haka. Abin da za a yaba masa shi ne ya gina rumfar, ya fitar da magana daga waya zuwa iska, ya kuma shirya 'yan ƙasa su karɓi aikin.

Saura aiki ya rage gare mu ɗaliban Hausa. Mun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan littattafan gasar 1933 da na Hukumar NORLA, amma adabin da aka watsa ta iska bai sami irin wannan kulawa ba, ga shi kuwa faifai da kaset ba su jure ajiya kamar takarda, tsofaffin ma'aikatan da suka san tarihin kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai su nufi Kaduna, su kuma zaga Maƙarfi da Ikara da Kudan su zauna da dattawan da suka ga shigowar akwatin rediyo na farko garuruwansu, tun kafin ƙasa ta rufe idon masu ba da labari.